Kwana uku ina ƙona fetur saboda Shepherd ya harbe ni

Ni dai har yau haushin tsohon nan, Janar Shepherd na gem ɗin Call of Duty: Modern Warfare 2, bai sake ni ba. A Call of Duty ta waya na fara sanin Ghost, mai fuskar ƙoƙon kai ɗin nan, na ɗauka kwalliya ce kawai. Sai da wani abokina ya ara min PS3 ɗinsa da faifan Modern Warfare 2 ta 2009 sannan na san ashe mutum ne mai labari, sunansa ma Simon Riley.

Kuskuren da na tafka tun daga farko shi ne girman kai. Na ce ai ni gwani ne a waya, na je na zaɓi Veteran, matakin da harsashi biyu uku ya ishe ka sallama. Ba laifi na lallaɓa har na kai mishan ɗin Loose Ends, gidan ɓuyan Makarov, ɗan ta'addan da ake farauta a gem ɗin, da ke kan iyakar Jojiya da Rasha. Nan fa aka yi ta. Kana shiga daji nakiyoyi su tashi, ka samu ka kutsa gidan, sai a ce ka tsare wata 'yar na'ura tana kwafe bayanai daga kwamfutar Makarov, ita kuma tafiyar hawainiya take, mutane na ɓullowa ta ƙofa ta taga ta ko'ina, wallahi na mutu har na daina ƙirga. Ga ba wuta a unguwarmu, dare uku ina tada inji, kuɗin fetur ɗin nan da na tara su da na ɗinka sabuwar shadda.

Dare na uku na tsallake. Na gangaro da gudu ana ruwan bama-bamai, Roach, wato sojan da nake bugawa da shi, ya ji rauni, Ghost na jansa a ƙasa, ga jirgin Janar Shepherd ya sauka. Har na ajiye hannun gem ɗin na ce alhamdulillahi. Mutumin nan ya tambaya ko mun samo na'urar, ya zaro bindiga ya harbe ni, ya juya ya harbe Ghost, sannan ya ɗauke na'urar. Suka watsa mu a rami suka tuttula mana fetur, fetur fa jama'a, ya cilla mana guntun sigarinsa. A rediyo kuma Kyaftin Price na ta ihu kar mu yarda da Shepherd. Sai yanzu?

Mutane na ta cewa Makarov ne babban bos, ni ban yarda ba. Makarov mugu ne da ka san mugu ne tun daga abin da ya yi a filin jirgin Mosko. Shepherd kuwa shi ke ba ka umarni tun farkon gem, kai kana ta masa bauta. Dalilinsa wai sojojinsa 30,000 da nukiliya ta cinye a Modern Warfare ta farko ta 2007 duniya ta zuba ido. To mu muka kashe su?

In za ka buga karon farko, don Allah ka bar shi a matakin Regular, ka sha labarin tukuna, Veteran ba inda za ta. Kuma ka riƙa sauraron bayanan da ake yi kafin mishan, ni hira nake a waya lokacin, ƙila da na ɗan shinshino wani abu.

Da Soap, sojan da ake bugawa da shi a ƙarshen gem, ya zare wuƙa daga ƙirjinsa ya jefa wa Shepherd a ido sai da na yi ihun da ya tada umma daga barci. Yanzu ƙanena ya kusa isa Loose Ends, shi ma wai Veteran, kuma ban gaya masa komai ba. Fetur dai shi zai saya.