Ayaba Takwas da Suka Nuna Luguf

Laraba, da dare.

Ayaba takwas na tarar a kan teburin kicin da safe, ɓawonsu duk ya yi ɗigo-ɗigo, biyu ma sun yi baƙi ƙirin. Kafin in yanke shawarar abin da za a yi da su sai da na ɓare su ɗaya bayan ɗaya, domin launin ɓawo ba ya nuna halin da cikin yake. Bakwai lafiya lau suke, sun yi laushi, sun koma ruwan zuma, suna ƙamshi. Ta takwas ta tsage ta wajen wuya, tana tsiyayar ruwa, tana warin tsami, ga farar fumfuna a gindinta. Ita kaɗai ta tafi bola. Fumfuna, tsiyaya da warin tsami su ne ke hana a ci ayaba, baƙin ɓawo shi kaɗai ba laifi ba ne.

Ɗanyar ayaba kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyinta sitaci ne, shi ya sa take da tauri ba zaƙi. Tana nuna tana fitar da iskar etilin mai hanzarta nunar, sitacin yana narkewa yana komawa sukari, har ya rage saura kashi 1 ko 2. Matsakaiciyar ayaba mai nauyin giram 118 bayan an ɓare tana da kalori wajen 105, da potasiyam kusan miligiram 420, da harza wajen giram 3, sukarinta kuma ya kai giram 14 ko fiye. Ke nan ayaba uku sun haura giram 40 na sukari, kwatankwacin ƙaramin cokali goma. Wannan lissafin shi ne ya tafiyar da girkin yau gaba ɗaya. Ayabar ce za ta tsaya a madadin sukari. Wanda ya zuba ayaba uku a kwaɓi sannan ya ƙara kofin sukari, kek ya yi, ko da ya kira shi burodin lafiya.

Da fanke na fara, don karin kumallo. Ayaba ɗaya na murƙushe da cokali mai yatsu, na fasa ƙwai biyu, na zuba babban cokali biyu na niƙaƙƙen hatsin ot, da rubu'in ƙaramin cokali na bekin fauda, da ɗan garin kirfa. Ana iya yin sa da ayaba da ƙwai zalla, amma ba ya juyuwa cikin sauƙi, yagewa yake yi, garin ot ɗin ne ke riƙe shi. Na farkon ya ƙone: ƙasan ya yi baƙi, saman yana nan ruwa, saboda wutar ta yi yawa kuma sukarin ayaba ba ya jimre zafi. Na rage wuta sosai, na shafa mai kaɗan a kasko mara kamu, na riƙa zuba babban cokali biyu kacal ga kowane ɗaya. Minti biyu zuwa uku, idan gefen ya bushe kuma ƙananan ramuka sun fito a sama, sai a juya, a ba shi minti ɗaya. Guda biyar suka fito masu kyau.

Burodin ayaba shi ya ci mafi yawan lokaci, kuma a nan ne sikeli yake da amfani. Cewa "ayaba uku" ba awo ba ne, tunda wata ta ninka wata. Ukun da na ɗauka sun ba ni giram 330 ba ɓawo. A kan wannan na haɗa gari giram 240, rabi na alkama da ba a cire wa dusa ba, rabi fulawa fara. Sai ƙwai biyu, mai mililita 60, yogot mara sukari giram 80, bekin soda ƙaramin cokali ɗaya a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kirfa ƙaramin cokali ɗaya, da gasasshiyar gyaɗa giram 50 da aka ɓarza. Sukari ko ƙwaya ban sa ba.

Kowanne da aikinsa. Bekin soda ba ta tashi sai ta haɗu da abu mai tsami, kuma ayabar da ta nuna sosai tsaminta ya ragu, saboda haka yogot ɗin ke cike giɓin. Idan ba a sa yogot ɗin ba, ko aka cika cokalin soda ya yi tozo, burodin zai yi duhu ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Garin alkama mai dusa yana ƙara harza da gardi, amma idan shi kaɗai aka sa sai burodin ya yi nauyi kamar tubali, dalilin raba shi biyu ke nan. Man kuwa, na san ana yawan cewa a cire shi duka ayaba ta maye gurbinsa. Ban yarda da wannan ba. Ana iya rage shi zuwa rabin abin da aka saba, amma idan babu shi sam, burodin danƙo yake yi kamar roba, washegari kuma ba mai son sa.

Busassun kaya a kwano ɗaya, masu ruwa a wani. Ayabar da cokali mai yatsu ake murƙushe ta, a bar ɗan gudaji. Bilenda tana mayar da ita ruwa tsululu, kwaɓin ya saki. Da na juye masu ruwan a kan garin, juyi goma sha biyar zuwa ashirin na yi da muciya, na tsaya da zarar farin gari ya ɓace. Yawan juyi yana tayar da danƙon alkama, shi ke sa burodi tauri da dogayen ramuka a ciki. Kuma ba a barin kwaɓin ya zauna, domin soda ta fara aiki tun da ta jiƙe. Shi ya sa obin ya riga ya yi zafi digiri 175 kafin a haɗa.

Gwangwanin gashin mai tsawon santimita 23 da faɗin 13 ne, an shimfiɗa masa takardar gashi. A minti na 35 saman ya riga ya yi ja sosai alhali tsakiyar tana rawa, sai na ɗora masa takardar alminiyam sama-sama. A minti na 50 na soka tsinke a tsakiya, ya fito da ɗanyen kwaɓi. A na 58 ya fito da ɗan ɓurɓushi mai laima kawai, na fitar. Kashi uku cikin huɗu na ayaba ruwa ne, kuma kusan duk matsalar wannan burodi daga nan take. Idan tsakiyarsa ta lotsa, ko ƙasansa ya yi wani layi mai danƙo kamar bai gasu ba, to ko ayabar ta yi wa garin yawa, ko an fitar da wuri, ko an buɗe obin kafin rabin sa'a. Wanda yake son ƙamshin ayaba ya fi haka, maimakon ya ƙara ta huɗu haka nan, gara ya murƙushe su ya ɗora a kasko kan ƙaramar wuta minti biyar zuwa takwas yana juyawa, ruwan ya ragu, ta huce, sannan ya auna giram 330.

Tunda obin na da zafi, na ƙara shi zuwa 180 na yi biskit. Ayaba biyu, hatsin ot giram 120, niƙaƙƙiyar gyaɗa babban cokali biyu, ɗan gishiri. A bar haɗin minti goma ot ɗin ya sha ruwa, a ɗiba da cokali, a danne kowanne da bayan cokalin domin ba sa bajewa da kansu. Minti 16 suka yi. Ba sa ƙaras-ƙaras, masu laushi ne, kuma saboda laimarsu firiji ne mazauninsu, kwana uku zuwa huɗu.

Ayabar ƙarshe ta shiga firiza. Ɓarewa ake fara yi, don ɓare daskararriyar ayaba wahala ce. Na yanka ta ƙanana, na ɗiga lemon tsami don kada ta yi baƙi da wuri, na jera a faranti ba tare da sun taɓa juna ba, bayan sa'a biyu na juye a leda na fitar da iskar. Tana kai wata uku. Idan sun taru, ana niƙa daskararrun biyu da babban cokali biyu na madara. Da farko za su farfashe kamar tsakuwa har mutum ya zaci abin ya lalace, a ci gaba da niƙa, sai su haɗe su yi sulɓi kamar ayis kirim. Firiji kuma, ƙasa da digiri 13 ɓawon ayaba baƙi yake yi da sauri, amma cikin wadda ta riga ta nuna yana ƙara kwana biyu zuwa uku.

Abin da bai kamata a manta ba shi ne sukarin ayabar da ta nuna yana saurin shiga jini fiye da na wadda ke da sauran kore. Mai ciwon sukari yanka ɗaya siriri na burodin ya ishe shi, tare da ƙwai ko yogot mara zaƙi, wanda kuma likita ya taƙaita wa potasiyam saboda ciwon ƙoda, gasawa ba ta rage masa potasiyam ɗin ayabar ba.

Burodin ya yi minti goma a gwangwani, sannan sa'a guda a kan ragar ƙarfe kafin wuƙa ta taɓa shi, don idan aka yanka da zafi cikinsa cuɗewa yake yi. Yanka goma ya bayar. Zaƙinsa daidai, gishirin ne nake ganin ya ɗan yi kaɗan. Huɗu na bari a mazubi mai murfi, shida na naɗe ɗai-ɗai suka bi ayabar cikin firiza.