Tsaron rukunin gidaje a Yamai: inda ya kamata kuɗin karo-karo ya fara zuwa

Ƙannena da kuka fara kama gidaje a cikin rukunin gidaje masu katanga da ƙofa ɗaya, irin waɗanda ake ta ginawa a gefen Yamai, da yawanku an riga an saka ku cikin kwamitin tsaro saboda ku ne masu jini a jika. Mu da muka riga ku wannan aiki mun zuba kuɗin jama'a a kan katanga da kamara, muka bar maigadi da yunwa da barci, kuma sata ba ta ragu ba sai da muka juya tsarin. Ku fara da mutum, sannan haske, sannan littafin ƙofa. Kamara ta zo a ƙarshe.

Lissafin maigadi ba ya da wuya, amma shi aka fi kauce wa. Mako yana da awa 168, kuma ƙofa tana buƙatar ido a cikinsu duka. Mutum ɗaya da aka ce ya tsare dare da rana, ya buɗe wa motoci, ya shayar da itace, a aike shi sayen burodi, dole ya yi barci tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, lokacin da ɓarawo ya fi so. Ƙofa ɗaya tana son mutum uku: ɗaya da rana, ɗaya da dare, na uku yana karɓar su don kowa ya samu ranar hutu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jika 42 (sefa 42,000) a wata tun farkon 2024, kada ku yi ƙasa da haka, ku kuma yi musu rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. A misali, gida 40 kowanne ya ba da jika 5 a wata, an tara jika 200. Masu gadi uku a kan jika 50 sun ɗauki 150, saura 50 na batir, ƙwan fitila da kuɗin waya. In kuɗin bai kai ba, a ƙara karo-karo, kada a rage mutum.

Albashin ya fita ranar da aka yanke, ko wasu gidaje ba su biya ba tukuna. Maigadin da ke bin bashin wata biyu, ga iyali a ƙauye suna jira, shi ne wanda ɓarawo zai fara zama da shi shan shayi. Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ku ɗauki maigadi aiki, ku karɓi kwafin katin shaidarsa, ku san wanda ya tsaya masa da inda wannan mutumin yake zaune, mai unguwa ma ya san da zamansa. A rubuta a takarda cewa ba mai aiken maigadi, ko Alhaji ne ko Hajiya. Wannan doka ita ta fi wuyar tsayawa, domin maigadi ba zai iya ce wa babba a'a ba, don haka kwamiti ne zai faɗa a madadinsa. Kayan aikinsa kaɗan ne: tocila mai caji, usur, waya da ba ta rabuwa da kuɗin kira, rumfa mai inuwa da ruwan sha, da rigar sanyi don hunturu.

Sai haske. Kowa ya san yadda wuta ke yankewa a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da mutane ke kwana a tsakar gida da ƙofofi a buɗe. Fitilun ƙofa da na kusurwoyin katanga su kasance na sola. Ga yadda ake auna su: fitila mai wat 30 da za ta ci awa 12 tana shan wat-awa 360, wato wat 30 sau awa 12. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha, wato 600. In aka ɗora masa fitilu uku, masu shan 1,080, zai mutu kafin asuba, kuma cikin ƴan watanni ya lalace gaba ɗaya, zafin Yamai ma yana ƙara rage masa kwana. Ƙurar hunturu kuma tana rufe faifan sola har cajin ya ragu sosai, a sa wani ya riƙa goge shi sau ɗaya a mako da tsumma mai laima, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Fitila ta haska waje da gindin katanga. In ta haska fuskar maigadi, ɓarawo na ganinsa shi kuwa ba ya ganin komai.

Littafin ƙofa kuwa ya fi komai araha. Baƙo ya faɗi sunansa da gidan da za shi, a kira mai gidan a waya kafin a buɗe, a rubuta lokacin shiga da na fita da lambar mota ko moto. Layin fita shi ake mantawa, alhali shi ke nuna wanda ya shiga bai fita ba. Waɗanda ke shigowa kullum, ƴan ga-ruwa, masu kwasar shara, ƴan aikin gida, magina, a yi musu kati mai hoto, a karɓe shi ranar da aikin mutum ya ƙare. Kaya ba ya fita, ko talabijin ko tukunyar gas ko rago, sai mai gida ya tabbatar da bakinsa. Ba wulaƙanci ba ne ga ƴan aiki, kariya ce gare su, domin duk ranar da abu ya ɓace su ake fara zargi, littafin kuma shi zai wanke wanda bai ji ba bai gani ba. Ɗan kwamiti ya duba shi duk mako ya sa hannu, in ba haka ba cikin wata guda za a daina rubutu.

Akwai lokutan da maigadi ɗaya bai isa ba: lokacin sallar Juma'a, daren tarawihi da tahajjud a azumi, makon da raguna suka cika gidaje kafin babbar salla, da daren ruwan sama mai ƙarfi, lokacin da ƙarar kwano ke rufe ƙarar fasa kwaɗo. A waɗannan lokuta a ƙara mutum, ko matasa su riƙa zagaye bibbiyu.

Katanga, ku zagaye ta da ƙafa ta waje sau ɗaya a wata. Tarin yashi ko bulo a jikinta, reshen dogon yaro da ya tsallaka, kangon da ba a gama ginawa ba, duk tsani ne. Hanyar ruwa da ke ƙarƙashinta a sa mata ƙarfe wanda tazararsa ba ta wuce santimita 12 ba, a riƙa kwashe shara daga jiki kafin damina, domin in ta toshe ruwa zai taru ya ci gindin katangar.

In kuɗi ya rage, sai kamara. Guda biyu masu kyau a ƙofa, ɗaya daidai fuskar mai shigowa, ɗaya daidai lambar mota, sun fi takwas da aka rataye can sama suna ɗaukar hula da rawani. Kada ta kalli gabas ko yamma kai tsaye, rana za ta mai da fuska baƙi ƙirin. Na'urar ajiyar hoto ta samu batirinta, a ɓoye ta nesa da rumfar maigadi, a san kwana nawa take riƙewa kafin ta goge tsoho, a kuma duba agogonta bayan kowace yankewar wuta, domin hoton da kwanan watansa ya kauce ba ya taimakon mai bincike sosai.

Abu biyu da ke ɗaga mini hankali. Na farko, garin gudun ɓarawo muna kulle kanmu. Kowane ɗaki mai tagar ƙarfe ya samu ɗaya da ke buɗuwa ta ciki, ƙofar rukunin ta isa motar kashe gobara ta shiga, makullin ƙofa ta biyu, in akwai ta, ya kasance a hannun mutum uku da kowa ya sani. Lambar 18 ta masu kashe gobara da 17 ta ƴan sanda a rubuta su da fenti a bangon rumfa, tare da lambar komisariyar da ta fi kusa. Zauren WhatsApp na gaggawa a ware shi daban, ba gaisuwar Juma'a ba sanarwar biki, in ba haka ba mutane za su kashe ƙararsa.

Na biyu, ranar da aka kama wani. Ku matasa ku ne ke kan gaba, kuma zuciya na tafasa. A riƙe shi, a kira ƴan sanda, kada a doke shi. An sha dukan wanda ba shi ne ya yi ba, kuma in rai ya salwanta ku ne za ku tsaya gaban alƙali. A rubuta lokacin da aka kama shi, abin da aka samu a hannunsa da sunayen shaidu biyu, a kwafe hoton kamara a daren nan kafin na'ura ta goge shi, mai kayan kuma ya je da kansa ya shigar da ƙara.