Sandar shinge a bakin Logon

Da asuba muka baro Marwa ta ƙasar Kamaru, ni da Kawu, za mu ta'aziyya Bongor a ƙasar Chadi. Hanyar Yagwa ƙura ce kawai da motocin albasa. Azahar ta riske mu a bakin sabuwar gadar kogin Logon, mai tsawon mita 620, wadda aka buɗe a 2025. Kafin ita, kwalekwale ne ke tsallakar da mutane zuwa Chadi.

Muna jiran a duba mana takardu sai idona ya faɗa kan sandar shinge. Dogon bututun ƙarfe ne, an ɗaure masa tsohon wilin mota cike da siminti a gindi. Wani saurayi ya danna gindin da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da kofin shayi, sandar ta miƙe sama ba gardama.

Kawu, wanda ya tsufa yana koyar da kanikanci, ya taɓa ni. "Ka gani? Da dabarar nan ake ɗaga gada sukutum, jirgin ruwa ya wuce."

"Haba Kawu, gada fa?"

"Ka manta jigon lambun kakanka? Curin laka a baya, guga a gaba. Ai lakar ce ke ɗaga ruwan, kai dai jagora kake yi."

Ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke. Gadar Tawa ta Landan, wadda aka buɗe a 1894, ɓari biyu ce, kowanne ya haura tan 1,000. Kowane ɓari yana juyawa a kan ƙarfen da ya ratsa shi, nauyin da ke rinjayarsa kuma yana ɓoye cikin ginshiƙi, yana sauka gadar na tashi. Aikin inji bai wuce ya ture taurin ƙarafa da ƙarfin iska ba. Ta Bordo a Faransa, ta 2013, daban take: tsakiyarta mai mita 117 tana hawa a kwance tsakanin hasumiyoyi huɗu, igiyoyin ƙarfe na ja, nauyi na gangarawa cikin hasumiyoyin, kamar guga biyu a igiya ɗaya. Sai an tsai da motoci, an zare sakata, kafin a motsa ta.

Zanen nan ya shiga raina ƙwarai, har na ji zafi da wani mai babur ya bi ta kansa.

Aka miƙo mana takardunmu, saurayin ya sake danna wilinsa. Daga tsakiyar gada na leƙa ƙasa, na hango masunta biyu a tsaye cikin kwalekwale, suna shigewa ƙarƙashinmu ko sunkuyawa ba su yi ba.