Rubutun boko ya ci mana makonni shida a ajin Koriyanci

Har yanzu in na tuna makonnin nan shida sai raina ya ɓaci. Da na dawo Kano daga karatu a Koriya ta Kudu, na buɗe aji na mutum tara duk Asabar. Yawancinsu finafinan Koriya ne suka jawo su. Magana suke so, rubutu bai dame su ba. Sai na ce bari in sauƙaƙa musu, na ajiye Hangul, wato rubutun Koriyanci, gefe, komai na riƙa rubuta musu da boko.

Wai ni tausayi. Alhali Hangul ɗin da nake gudar musu baƙaƙe 14 ne da wasula 10, Sarki Sejong ya ƙirƙiro shi a 1443 don talaka ma ya iya karatu. Mako guda ya ishe su.

Asirina ya tonu ranar da na kira wata tsohuwar abokiyar karatuna ta bidiyo don su gwada bakinsu. Wata Hajiya a cikinsu ta so ta ce tana da ɗiya, 딸, wanda na rubuta mata ttal. Ta karanta shi yadda ya zo mata, ya fito 달 (dal), wato watan sama. Abokiyar tawa ta yi tsuru tana murmushi, ba ta gane ba. Wani kuma ya mai da pul, ciyawa, ya zama "ful", tunda bakin Bahaushe bai raba p da f ba, Koriyanci kuwa ba shi da f sam. Hajiya ta juyo ta ce, "Malam, ai haka ka rubuta." Na rasa ta cewa.

Asabar mai zuwa na goge allo, muka fara daga harafi. Kowa na ba shi ɗan tishu ya riƙe a gaban baki: ka ce 탈 (tal) tishu ya tashi, 달 (dal) ya ɗan motsa, 딸 (ttal) ko gezau. Sun yi dariya, amma ranar kunnensu ya buɗe. Na rage surutuna, na haɗa su bibbiyu suna ciniki, wannan na tambayar farashi, wancan na amsawa, da dare kowa ya turo min murya ta WhatsApp.

Ɗaliban da na ɗauka daga baya, waɗanda ba su taɓa ganin Koriyanci da boko ba, sun wuce na farkon a lafazi. Hajiya kuwa har yau in tana sauri, ɗiyarta watan sama ce.