Abin sha a teburin Kirsimeti a Jamus, ga wanda ba ya shan giya

Sabon zuwa Jamus ba zai wuce watan Disamba ba tare da gayyatar cin abinci ba, daga maƙwabci ko abokan aiki. Jamusawa suna zaɓen giya bisa abin da ke cikin faranti: mai duhu ga gasasshen nama, mai ɗan ɗaci ga abinci mai maiƙo. Ƙa'idar tana aiki ko babu barasa, in dai mutum ya iya karanta kwalba.

A nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Rubutun alkoholfrei, wato "marar barasa" da Jamusanci, ba ya nufin babu barasa ko kaɗan, domin ana yarda a rubuta shi a kan abin da barasarsa ta kai kashi 0.5 cikin ɗari. Wanda ba ya son ko ɗigo sai ya nemi 0,0% a jikin kwalbar. Radler kuwa giya ce aka haɗa da lemo, kada launinsa ya ruɗe ka. A kasuwar Kirsimeti, Glühwein ruwan inabi ne mai barasa da ake ɗumamawa. Ɗan'uwansa marar barasa shi ne Kinderpunsch, kuma babba ma yana saya ba wanda zai kalle shi. Kek ɗin Schwarzwälder ana sa masa barasar ceri, wani Stollen ɗin ma, wato burodin Kirsimeti mai zaƙi, ana jiƙa zabibinsa a barasa. Tambaya ba abin kunya ba ce a ƙasar nan.

Abincin bikin yawanci gasasshiyar dinya ce ko agwagwa, da jan kabeji da curin dankali. Maiƙo ne zalla, don haka yana son abu mai tsami ko mai gas da zai wanke baki. Apfelschorle, wato ruwan tuffa rabi, ruwa mai gas rabi, ya wadatar. Malztrunk irin su Vitamalz da Karamalz, masu kama da Maltina, a ganina ba su dace a nan ba: zaƙi kan maiƙo sai ya ginshe ka. A bar su ga tsire ko farfesu mai yaji, inda zaƙin ke kwantar da barkono.

Wanda ya fi duka shi ne zoɓo. Ana samunsa a shagunan Turkawa da Larabawa da sunan Hibiskus ko Karkade. Giram 80 ya isa lita 2 na ruwa, da ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, da kanumfari 6. A fara tafasa citta da kanumfari minti 10, a sauke, sannan a zuba zoɓon a rufe minti 20. In aka bar shi yana ta tafasa, bauri yake yi, sukari kuma ba ya gyara shi. A guji tukunyar alminiyom, tsamin yana cinta har ya canza ɗanɗano. Don cin nama a rage sukari ya koma kamar giram 100, a tsinka da ruwa mai gas daidai lokacin sha. Da zafinsa, da sandar kirfa da ɓawon lemo, yana tsayawa a gurbin Glühwein sosai.

Kunun aya na bayan abinci ne, tare da biskit ɗin bikin. Sunan aya a nan Erdmandel. Giram 250 a jiƙa kwana guda, a markaɗa da dabino 6 da lita 1 na ruwa, a tace. Kada a ɗora a wuta, kauri yake yi. Hitar ɗaki kuma tana sa shi tsami cikin 'yan awoyi, sai a ajiye a firji a shanye cikin kwana 2.

A yi cefane da wuri: ranar 24 ga Disamba yawancin shaguna suna rufewa wajen ƙarfe 2 na rana, 25 da 26 kuma ba sa buɗewa.