Tsinken gwajin ragowar maganin ƙwari a amfanin gona: inda ake yawan kuskure

Tsinken nan kamar na gwajin ciki yake a ido, amma karatunsa a juye yake, kuma nan ne mutane suka fi tafka kuskure. Layi biyu, na C (mai nuna tsinken ya yi aiki) da na T (layin gwajin kansa), na nufin maganin bai kai iyakar da tsinken ke iya kamawa ba. In layin T ya ɓace ko ya dushe sosai, to akwai magani. In kuwa layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a ɗauko sabo.

Dalilin juyewar shi ne ƙwayar sinadarin maganin ƙwari irin imidacloprid ko chlorpyrifos ƙarama ce ƙwarai, antibodi (furotin mai gane abu takamaimai ya kama shi) biyu ba sa iya riƙe ta lokaci guda. Shi ya sa ake haɗa gasa. A kan layin T an manna irin maganin haɗe da furotin, a gindin tsinken kuma akwai antibodi mai ɗauke da ƙurar zinare, wadda ke ba da jan launi. In samfurin na da magani, shi zai riga kama antibodin, layin T ya rasa mai zuwa ya rina shi.

Aikin gaske yana wajen shirya samfur. Ka'idar Codex, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin abinci, ga kayan lambu matsakaita irin tumatir ita ce kilo 1, aƙalla guda 10, daga wurare daban-daban na kayan. A yanka, a markaɗa, a auna gram 2 zuwa 5 yadda takardar kamfanin ta ce, a zuba metanol ko asetonaitiril (ruwan sinadari mai narko maganin daga samfurin), a girgiza, a bar shi ya kwanta. Ruwan saman za a ɗiba a sirka da ruwan da ya zo cikin kwalin. Kada a tsallake sirkin nan don sauri: metanol mai ƙarfi yana kashe kaifin antibodi, layin T ya dushe, a zargi manomi da laifin da bai yi ba. Ganye mai duhun launi, maiƙo, da tsami su ma suna rikita layin.

A ɗiga ruwan da aka sirka a kan tsinken, adadin ɗigon da takardar kamfanin ta ce. A duba cikin lokacin da aka rubuta, yawanci minti 5 zuwa 10, domin bayan tsinken ya bushe layi na iya canjawa. A ajiye tsinken da ba a yi amfani da shi ba cikin ledarsa a rufe, nesa da zafi da laima.

Kowane tsinke magani ɗaya yake nema, wani lokacin ya kama danginsa na kusa. Wanda aka yi don carbofuran ba ruwansa da imidacloprid. A kuma kwatanta iyakar tsinken da ta doka: Tarayyar Turai kan sa miligiram 0.01 a kilo ga maganin da ba a ware wa tasa iyaka ba, kuma ba kowane tsinke ke gani har can ƙasa ba. Duk samfurin da ya nuna magani a kai shi ɗakin gwaji a tabbatar da na'urar LC-MS/MS ko GC-MS, masu auna ainihin adadin maganin, kafin a hana sayar da kayan.