Haɗa jirgin F450 mai ɗaukar hoto, daga kwali zuwa tashin farko

Kwalin da na haɗa shi ne F450, jirgi marar matuƙi mai hannu huɗu, tazarar inji da wanda ke kallonsa ta kusurwa milimita 450. A ciki akwai injina huɗu samfurin 2212 masu 920KV, da ESC huɗu masu amfiya 30 waɗanda ke sarrafa gudun kowane inji, da farfela mai inci 10 da ake kira 1045, sai faifai biyu na tsakiya, na ƙasan shi ke raba wuta. Ƙwaƙwalwarsa Pixhawk ce, da GPS samfurin M8N mai kamfas a ciki. Rimot ɗin FlySky FS-i6, caja, da batir LiPo mai sel uku, mAh 5200, daban na saye su.

Lissafin nauyi na fara yi. Kowane inji da wannan farfelar yana ɗaga kusan giram 800, huɗun su ba da kilo 3 da 'yan kai. Ana so ƙarfin ya ninka nauyin jirgi sau biyu, wato kada a wuce kilo ɗaya da rabi da yawa. Batir ya ci wajen giram 400, kyamara da mariƙinta mai daidaita ta wajen 300, ka ga babu sauran wurin kayan ado.

Wayoyin ESC da na soket ɗin batir na XT60 da dalma ake liƙa su a faifan ƙasa. Ƙarfen narka dalma mai wat 30 bai isa ba, tagullar faifan tana shanye zafin. Mai wat 60 ya fi. Haɗi mai kyau sumul yake yana ƙyalli, wanda ya yi gudaji kuwa girgiza za ta ɓalle shi a sama. Kafin batir ya taɓa jirgin sai na sa mitar gwajin wuta tsakanin jar waya da baƙa, in ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa to wayoyi sun haɗe. A kula da sukurun ɗaure inji: in ya yi tsawo yana taɓa koyil ya ƙone shi.

Duk gwajin tebur ba farfela ake yinsa, domin tana yanka yatsa har ƙashi. A tsarin ArduPilot, manhajar da ke aiki a cikin Pixhawk, inji na 1 yana gaba dama, na 2 baya hagu, su biyun suna juyawa saɓanin hannun agogo. Na 3 gaba hagu, na 4 baya dama, suna bin agogo. Wanda ya juya baibai, a sauya biyu daga wayoyinsa uku. Abin da ke rikita mutane shi ne shafin gwajin inji na Mission Planner, manhajar kwamfuta da ake saita jirgin da ita, da haruffa yake aiki: A gaba dama, B baya dama, C baya hagu, D gaba hagu. Mai ɗaukar B a matsayin inji na 2 zai sauya filogin da ke daidai, jirgi ya kife tun bai bar ƙasa ba.

Saitin kamfas a fili nake yinsa, nesa da mota, ƙofar ƙarfe da daɓen siminti mai rodi a ciki. GPS kuma a kan sandarsa, kibiya tana kallon gaba, nesa da manyan wayoyin batir. Alamar kamfas mara kyau ita ce jirgi a Loiter, yanayin da GPS ke tsayar da shi wuri guda, ya riƙa zana da'ira tana ƙara faɗi. Da ka ga haka ka koma Stabilize, yanayin tuƙi da hannu, ka sauke shi.

Inda aikin yake da gaske shi ne girgiza, domin ita ke ɓata hoto, ita ke ruɗa ƙwaƙwalwa. Farfelar cikin kwali da wuya ka samu fukafukanta biyu nauyi ɗaya. Nakan zura ta a sandar awo, ɓangaren da ya yi sama in manna masa ɗan salatef, in ƙara ko in rage har ta tsaya a kwance. Pixhawk ba a ɗaure ta kai tsaye a faifai, sai a kan soso ko robobi, kuma wayoyin da ke shiga cikinta a bar su sako-sako, don waya mai tauri tana kai girgizar da soson ya tare. Bayan ɗan tashi na minti biyu nakan buɗe bayanan tafiyar in duba layin VIBE, mai nuna yawan girgiza. Ƙasa da 30 lafiya lau. Ya kai 60, jirgin ba ya ƙara sanin tsayinsa, yana iya cillawa sama a AltHold, yanayin riƙe tsayi, ko da ka ja sandar rimot ƙasa.

A bidiyo kuwa girgiza tana sa gini ya riƙa rawa kamar inuwa a cikin randa. Mutane kan ɗora laifin a kan kyamara, alhali sau da yawa farfela ce ko robobin mariƙi da suka yi laushi fiye da kima. Kyamarar ma a daidaita ta a mariƙin tun ba a kunna wuta ba, ta tsaya duk inda aka aje ta. In tana rinjaya gefe, ƙananan injinan za su yi zafi su riƙa kakkarwa. Ranarmu mai ƙarfi tana ƙara tona asirin rawar, saboda kyamara na ɗaukar kowane hoto cikin sauri ƙwarai. Gilashin rage haske na ND yana lafar da ita.

Batir cikakke bolt 4.2 ne kowane sel, 12.6 gaba ɗaya. Ina sauka in ya kusa 10.5, abin da ke ba ni minti goma da ɗoriya da kyamara. Wanda zai kwana biyu ba aiki a bar shi a 3.8 kowane sel. Barinsa a mota cikin zafin bazara yana kumbura shi, kumburarre kuma ba a sake cajinsa. Da hunturu ƙura ce matsalar: a kan tabarma nake tashi, in ba haka ba yashi ya shiga boris, inji ya fara gurnani.

A Najeriya sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake tashi da irin wannan jirgi, kuma a nisanci filin jirgi da barikin soja. Gwajin ƙarshe a tebur shi ne kashe rimot a ga ko Mission Planner ta nuna an rasa sadarwa. Risibar FlySky, mai karɓar saƙon rimot a jikin jirgi, sai an saita mata da hannu abin da za ta yi in sadarwa ta yanke. Tsayin RTL, yanayin da jirgi ke komowa gida da kansa, yana zuwa a mita 15, wanda bai tsallake rimi ko ƙarfen sabis ba, shi ya sa nake ɗaga shi zuwa 40 ko fiye, gwargwadon abin da ya fi tsawo a filin.